Saƙonni a salula da kwamfuta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga masu cewa saƙonnin manhajar hira ta Element da suka gani a salula ba su buɗe a kwamfuta ba: sabarmu ta nan Damagaram (kwamfutar da saƙonninmu ke bi ta cikinta) tana ajiye saƙonnin, amma a kulle, mabuɗin kuwa yana cikin na'urarku. In kun shiga Element da sabuwar na'ura, ku tantance ta da tsohuwar, ko da lambar QR ko da ƴan hotunan nan 7 (emoji) da ake gwadawa a ga ko sun yi daidai a na'urorin biyu. Sannan ne tsofaffin saƙonni za su buɗe.

Don Allah ku rubuta mabuɗin maido da saƙonni a takarda ku adana. In salula ta ɓace babu shi, ko mu masu kula da sabar ba mu iya buɗe muku komai.