Zamanmu na Ranar Alhamis

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Damagaram? Nan Kano hazo ya sauka, rabin ajina tari suke yi.

Na yi murna da jin an ba ka daraktan makaranta, Allah ya taya ka riƙo. Ka tambaye ni abin da ya farfaɗo da makarantarmu. Wallahi ba fenti ba ne, ba kuma zuwan sufeto ba.

Ka tuna ESSPIN, shirin inganta ilimi a Najeriya da Birtaniya ta tallafa wa daga 2008 a jihohi 6, har da Kano, Jigawa da Kaduna? Mun sha bita a lokacin, amma in an dawo kowa sai ya shige ajinsa, abin da ya koyo ya mutu a jakarsa. Sai da hedimastanmu ya ware ranar Alhamis bayan tashi, muka fara shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, sannan abu ya motsa.

A zaman farko malamar aji 2 ta ce, muryarta na rawa, yawancin yaranta ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Kowa ya yi tsit, don duk mun san namu ajin haka yake. Sai wani dattijo da ya kusa ritaya ya zaro marafan kwalba daga aljihu, an rubuta ba, ka, ta a jikinsu, ya jera su a kan tabarma. Shekara da shekaru yana koyar da gaɓoɓi da su, ajinsa na jikin nawa, ban taɓa sani ba! Abin ya tsaya min a rai.

Yanzu tare muke tsara darasi, ɗaya ya koyar, biyu su zauna a baya suna lura da inda yara suka kakare. Malaman Jafan sun daɗe a kan wannan hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutumina.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka mayar da zaman wurin karanta sanarwa ko tsawatarwa. Ranar da malami ya ji kuskuren da ya faɗa ya shiga fayil ɗinsa, ya daina magana ke nan. Ka fara faɗin naka.

Ka gaida Hajiya da yara. In ka shigo hutu, ka zauna da mu Alhamis ɗaya.

Naka har kullum.