Ina kuɗin 'yan ci-rani ke tafiya?

Ya Edita,

Ana yawan cewa kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa gida a tukunya yake ƙarewa. Binciken Dean Yang, masanin tattalin arziki a Jami'ar Michigan, ya nuna ba haka ba ne a Filifin.

Da darajar peso, kuɗin Filifin, ta faɗi a 1997, aike ya ƙaru: in darajar kuɗin ƙasar da ɗan ci-rani ke aiki ta tashi da kashi 10 cikin ɗari a kan peso, aiken kan ƙaru da kusan kashi 6. Rarar kuwa makarantar yara ta tafi, da sana'o'i masu cin jari irin su sufuri da ƙere-ƙere. Cefane bai wani motsa ba.

Matsalarmu a Afirka ladan aikawa ne, wanda har yanzu ya zarce kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da aka aika, da Majalisar Ɗinkin Duniya ke son a kai nan da 2030.