Abba, ka riƙe dariyar nan taka

Assalamu alaikum Abba,

Ummanka ta ce min ran Litinin za a yi muku tarbar nan ta Maori, 'yan asalin ƙasar New Zealand, da suke kira powhiri a jami'a, tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Na kira abokina da ya zauna a birnin Hamilton na can ya warware min yadda abin yake. A bakin ƙofar marae, wato wurin taronsu na gargajiya, za ku tsaya, ba mai shiga sai wata dattijuwa cikin masu gida ta ɗaga murya ta kira ku, karanga kenan, kuma har mamatansu da naku take ambata a ciki, ka ga ai ba wajen wasa ba ne. Sai jawabai, duk wanda ya gama a bi shi da waƙa, a ajiye koha, ɗan kuɗi a ambulan, a yi hongi hanci ya taɓa hanci, a ci abinci tare, shikenan kun tashi daga baƙi. Cire takalmi a ƙofar ɗakin taro kam ba sai na koya maka ba.

Ni dariyarka ce ke damuna. In baƙin manya ne wani jarumi yakan fito da sandarsu taiaha yana zaro ido yana fiddo harshe, ya ajiye ganye a ƙasa, a ɗauka don a nuna da salama aka zo, to ni na san ka Abba, na san yadda kafaɗarka ke fara rawa, ban manta zaman makokin Kawu ba, har yau kunyar Inna nake ji. Ka ce na cika faɗa ran nan, eh na yi, kuma da ban yi ba wa zai yi? Mutanen nan an doki kakanninsu a makaranta don sun yi yarensu, sai 1987 ya zama harshen hukuma. Da aka kashe mana mutum 51 a masallatan Christchurch a 2019 sun zo sun yi rawarsu ta gargajiya mai suna haka don ta'aziyya. Su za ka tsaya ka yi wa dariya? Wayar ma ka bar ta a aljihu.

In layin hongi ya kawo ka gaban mace, ka faɗa wa mai kula da ku tun kafin a fara, cikin ladabi.

Na san zuciyarka mai kyau ce, shi ya sa abin ke min ciwo. Yuli sanyi ake a can, ka sayi rigar kirki, zan turo. Allah ya yi maka albarka.

Babanka