Riga-kafi da lalurar galahanga: a amsa wa iyaye tambayarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan wata damuwa da ke cin iyayen yara masu lalurar otizim, wadda ake kira galahanga, musamman idan Allah ya ba su wata haihuwar kuma lokacin riga-kafi ya zo, wato tsoron ko allurar riga-kafi ce ke jawo wannan lalura.

Ɗana na fari yana da wannan lalura, shekararsa shida yanzu. Yana da wata 18 muka lura cewa ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, 'yan kalmomin da ya fara faɗa sun ɓace, sai ya wuni yana jera murafan kwalba a layi, kuma da zarar an kunna injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunnuwansa yana kuka. Wata uku kafin nan aka yi masa allurar ƙyanda ta biyu. Da aka haifi ƙanwarsa, mahaifiyarsu ta jefa katin riga-kafi can ƙasan akwati, ta ce ba za a sake ba.

Ban ga laifinta ba. Mu mutanen Kano ba mu manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu a cikin gwajin. Trovan magani ne, ba allurar riga-kafi ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da ta yi ƙarfin hali ta tambayi wata ma'aikaciyar jinya ko allura ce ta jawo wa ɗanmu wannan hali, tsawa aka daka mata a gaban layin mata, aka ce jahilci ne. Ta dawo gida tsoronta ya ninka.

Wani likitan yara ne ya zaunar da mu ya warware mana zare da abawa, daga baya ni ma na bi diddigi. Asalin zancen wani rahoto ne da likita Andrew Wakefield ya wallafa a mujallar The Lancet ta Ingila a 1998, a kan yara 12 kacal, inda ya alaƙanta lalurar da allurar MMR mai kare ƙyanda da hangum da rubela. Daga baya aka gano an murɗe bayanan yaran, mujallar ta janye rahoton a 2010, kuma a shekarar aka soke lasisinsa na aikin likita. A Denmak an bi yara fiye da 650,000, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wata alaƙa ba. Binciken da ya fi kwantar mana da hankali shi ne na Amurka a 2015, a kan yara kimanin 95,000, domin ya haɗa da ƙannen masu lalurar, wato irin 'yarmu, kuma allurar ba ta ƙara musu haɗarin samunta ba. Likitan ya ce gado yana da babban tasiri, kuma alamomin sukan bayyana ne tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, daidai lokacin da ake kai yara allura, shi ya sa iyaye suke ganin kamar ɗaya ce ta haifi ɗaya.

Ƙin riga-kafi kuwa mun ga abin da yake jawowa. Bayan dakatar da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A 2023 mashaƙo ya yi ɓarna mafi yawa a jihar nan, kuma akasarin yaran da suka kamu ba su kammala allurarsu ba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya a matakin farko da su koya wa ma'aikatansu yadda za su amsa wannan tambaya cikin haƙuri da Hausa mai sauƙi, kuma su san alamomin lalurar, domin su tura iyaye wurin ƙwararru da wuri, kafin a shafe shekaru ana cewa shafar aljanu ce ko sammu. Mu sai da ɗanmu ya kusa shekara huɗu muka ji sunan abin da ke damunsa.

An ciro katin daga akwati. 'Yarmu ta karɓi allurarta ta wata tara a makon jiya, ta ɗan yi zazzaɓi, aka ba ta farasitamol kamar yadda likita ya ce, kuma an rubuta mana ranar komawa idan ta cika wata 15.

Wassalam,
Wani uba daga Kano