Maganin ya sa shi barci, amma ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, ke da masu taya ki shirin. Daga Tahoua nake rubuto miki, kuma don Allah a sakaya sunana.

Maigidana ya tafi bida Libiya bayan girbin 2022, kamar yadda mazan Adar suka saba. Shi da amininsa suka tafi, wanda katanga ce kawai ta raba gidajenmu. Suka bi ta Agadez da Dirku, a Sabha aka jefa su gidan bashi, inda ake dukan mutum a kira danginsa a waya su ji kukansa har su turo kuɗi. Sau uku na ji nasa kukan da kunnena. Muka sayar da gona da awakina, aka sako shi bayan wata 5. Shi kaɗai ya dawo.

Tun daga nan ba ya barci. Iska ta buga ƙofar kwano, sai ya zabura ya lafe jikin bango. Waya ta yi ƙara, zufa ta karyo masa. Har tramol ya fara sha, mutumin da ko goro bai dame shi ba.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce iska ya gamu da ita a hamada. Aka yi ruƙiyya, ya sha rubutu, aka yi hayaƙi. Ban raina ba, don karatun yana sanyaya masa rai. Amma da aka kawo zancen wani mai magani a ƙauye da ke sa wa marasa lafiya mari a ƙafa, na ce ban yarda ba. Wanda ya yi wata 5 a ɗaure, a sake ɗaure shi da sunan magani? Inna ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata.

Na ci bashi muka hau kar zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. A asibiti muka bi layi tun asuba har azahar. Lokotoro bai yi minti goma da mu ba. Kana barci? Kana jin muryoyi? Kana shan ƙwaya? Ya rubuta ordinansi, wato takardar magani, ya ce mu koma bayan wata 3. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ɗaya ne ga jama'a cike da baranda. Barci kam yanzu yana yi, tramol ma ya bari, alhamdu lillahi. Sai dai jikinsa ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba. Yaran unguwa da a da suke cewa ɗan Libiya, yanzu mahaukaci suke cewa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Daren jiya wajen ƙarfe uku ya tashe ni, ya ce amininsa ya rasu a gabansa cikin gidan bashin nan, da hannunsa ya rufe masa ido. Abincinsu ɗaya, kuɗinsa suka iso, na wancan ba su iso ba. Ya dawo ya ce wa mutane wai sun rabu a hanyar Tarabulus. Yau uwar aminin kullum sai ta leƙo ta tambaye shi ko ya ji labari, matarsa kuma tana zaune da yara biyu, ba ta san takaba ta hau kanta ba. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba.

Hajiya, a ganina wannan ne ciwon, kuma daga malam har lokotoro ba wanda ya zauna ya ce masa, me ka gani? Shin akwai masu aikin sauraron irin wannan a kusa da mu, ba sai Yamai ba? Maganin kuma an ce kada a yanke shi kwatsam, to wa zan nuna wa rawar hannun nan kafin watan ukun ya cika? Rantsuwata fa, in karya ta in sami limaminmu, ko in jira har ya iya faɗa da bakinsa? Ina tsoron in na matsa masa ya koma gidan jiya. Gobe da safe kuma tsohuwar nan za ta sake leƙowa, ni ce mai shimfiɗa mata tabarma.

Taki, mai sauraro daga Tahoua.