Iskar radon a ɗakunanmu: awon yini ɗaya ba ya wadatarwa

Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin hukumomi da magidanta a Zamfara kan iskar radon, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma fitowa daga yuraniyam da ke cikin ƙasa da duwatsu, ta shigo ɗaki ta tsagar daɓe da gindin bango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon dajin huhu bayan taba sigari, kuma a 2009 ta ba da shawarar kada ta wuce bekerel (ma'aunin da ake auna yawan radon da shi) 100 a kowace mita kubik ta iskar ɗaki, in ya gagara to kada ta haura 300.

Abin da ya fi damuna shi ne yawanta ba ya tsayawa wuri ɗaya. Cikin dare, idan an kulle ƙofa kuma ɗaki ya fi waje ɗumi, iskar ɗakin takan yi sama ta zuƙo ta ƙasa, don haka radon ta fi taruwa wajen asuba, sai an buɗe ƙofa da hantsi ta ragu. Da hunturu kuwa, lokacin da uwargida ke cusa tsumma a kafar taga saboda ƙura da sanyi, a saki labule mai kauri, yara su kwana a ƙuryar ɗaki, radon ba ta da mafita. Da bazara ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tagogi a wangale, sai dai masu na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda a lokacin ne ma suka fi toshe ko'ina.

Saboda haka wanda ya auna ɗaki da rana tsaka a watan Afrilu ya ce lafiya lau, bai faɗi komai game da daren Janairu ba. Shi ya sa masana ke son a bar ma'aunin a ɗakin kwana aƙalla wata uku.

Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Anka da Bukkuyum a 2010 bai kamata mu raina abin da ke fitowa daga ƙasa ba. Ina roƙon hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, da Jami'ar Tarayya ta Gusau su auna gidajenmu, na laka da na siminti, kuma awon ya ratsa hunturu da bazara da damina.

Mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Gusau.