Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna: A Kan Langar Shinkafar Da Ta Daina Shiga Maƙwabta

Mai girma Gwamna, Sanata Uba Sani,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, tare da fatan kai da iyali kuna lafiya. Barka da hunturu.

Ni Kirista ne. A Tudun Wada aka haife ni, nan cikin garin Kaduna, a can kuma na yi wayo. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kullum da asuba yake hawa kekensa ya tsallaka gada. Gidan haya muke, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, iyali biyar, uku Musulmi biyu Kirista. Yanzu ina zaune a Sabon Tasha, furfura ta fara fito mini, kuma duk lokacin da hazon Disamba ya rufe gari sai gidan nan ya faɗo mini a rai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Tun farkon wata muke fara sintiri shagon tela, muna leƙen ko an yanka yadinmu. Telan Musulmi ne, shi yake mana ɗinkin Kirsimeti kamar yadda yake wa abokanmu ɗinkin Sallah, kuma alƙawarinsa iri ɗaya ne ga kowa: "Ku dawo gobe." 'Yan'uwana mata kuwa a ɗakin Hajiya maƙwabciyarmu ake musu kitso da lalle. Daren jajibere matan zumunta su cika coci da waƙa, da bugun tulu da kacau-kacau, mu yara muna rawar sanyi, ƙafafu duk kaushi, an lafta mana mai har muna ƙyalli.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne yanka. Mahaifina bai taɓa sa wa akuyar Kirsimeti wuƙa da hannunsa ba. Da sassafe zai ce in je in kira Malam, limamin masallacin bakin layi. Malam ya zo ya fuskanci alƙibla ya yanka, a ba shi kasonsa, ya yi mana barka ya tafi. Wata shekara na tambayi Baba dalili, tunda ga wuƙa ga hannu. Ya ce, "Naman da maƙwabcinka ba zai iya ci ba, me ka yanka?" Kafin azahar Mama ta jera languna, shinkafa da miya da cincin, ni ne ɗan aike ɗaki ɗaki, gida gida. Langar ba ta dawowa fayau, sai da ɗan kuɗi ko goro a ciki. Ranar Babbar Sallah kuma langar Hajiya ce ke shigo mana da soyayyen naman layya.

A lokacin cikina kawai na sani. Sai da na girma na gane cewa Baba wa'azin Kirsimeti yake yi da akuyar nan. Abin da muka gaskata, mu Kirista, shi ne Allah bai tsaya daga nesa yana aiko da saƙo ba. Bisharar Yohanna ta ce Kalma ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Ya zauna, ranka ya daɗe, wato ya zama maƙwabci. Luka kuma ya ba da labarin cewa a komin dabbobi aka kwantar da jaririn, domin ba a sami wuri a masauki ba, kuma makiyaya masu kwana a daji ne suka fara jin albishir. Na san a kan wane ne Yesu, Annabi Isa a bakinku, mun bambanta, ba kuma zan ɓoye bambancin ba. Sai dai Malam da kansa ya taɓa karanta mana Suratu Maryam, inda naƙuda ta kai ta gindin dabino. Kowanenmu yana girmama wannan haihuwa, kuma a duka labaran biyu uwa ce a cikin ƙunci, nesa da gida.

Ka san abin da ya biyo baya fiye da ni. Fabrairun 2000 rikicin Shari'a ya ɓarke, aka sake yi a watan Mayu, sannan na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, wata uku kacal bayan shugabannin addinan biyu sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Hajiya ce ta ɓoye mahaifiyata da ƙannena a ɗakinta kwana biyu, ta sa musu hijabi. Da ƙura ta lafa muka kwashe kaya muka tsallaka kogi. Musulmin da ke Television da Sabon Tasha su ma suka kwashe nasu suka nufi Rigasa da Tudun Wada. Kogin Kaduna ya zama iyaka ba tare da wani ya sa hannu a takarda ba.

Yau 'ya'yana sun girma ba su taɓa kai langa gidan Musulmi ba. Ba ƙiyayya na koya musu ba, Allah ya sani. Babu gidan da za su kai ne. Abin da suka sani game da Musulmi a waya suke gani, na kuma tabbata yaron Rigasa ma haka yake sanin mu. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan komai, domin ni ko an zuga ni fuskar Hajiya za ta tare ni. Su fuskar wa za ta tare su?

Ina ganin ƙoƙarin da ake yi. Duk shekara ana baza jami'an tsaro a ƙofar coci, ana raba shinkafa, ana fitar da saƙon taya murna. Mun gode, kuma tsaron dole ne: mutanen ƙauyen Goska ba su manta harin jajiberen Kirsimetin 2016 ba, kuma masu tafiya gida Kachia, Zonkwa, Kafanchan da Kagoro har yanzu da addu'a a baki suke hawa mota. Ranar da bam ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri, a Disamban 2023, na zubar da hawaye, don na san daɗin taron murnar haihuwa, na san yadda yara ke cika shi. Akwai kuma irin su Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka shafe shekaru suna ɗinke ɓaraka. Amma taron otal na manya ne. Yara ba a can suke sabawa ba.

Roƙona ƙarami ne a faɗa, mai nauyi a aikata. Duk gidajen da gwamnati za ta gina, duk filayen da za ta yanka a sababbin unguwanni irin Millennium City, a raba su yadda Musa da Bitrus za su haɗa katanga, a ware wurin masallaci da na coci tun a taswira. A gyara makarantun gwamnati da ke kusa da gadojin nan, su yi kyawun da iyaye daga kudu da arewa za su yi rububin kai 'ya'yansu, a sa musu motar ɗauka. Barnawa na nan a gauraye, barikokin soja na nan, kasuwar Sheikh Gumi kullum a cike take da mu duka, kowa na cinikinsa. Ashe ba gagara abin ya yi ba.

Hajiya ta rasu shekarun baya, na je gaisuwa, 'ya'yanta suka karɓe ni kamar jiya muka rabu. Bana na yi niyyar in nemi malami ya yanka mini akuya, in ɗauki jikata a mota mu tsallaka gada, in sa mata langar a hannu ta shiga da ita da kanta.

Allah ya taya ka riƙo, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Naka,
Ɗan Tudun Wada mazaunin Sabon Tasha